Me za mu kira Referer a saitin firoksi?

Sani: Assalamu alaikum. Ana fassara bayanin yadda ake saita firoksi (sabar da ke tsayawa tsakanin burauza da shafi) ya karkatar da buƙata bisa ga Referer, wato layin da burauza ke aikawa da adireshin shafin da mutum ya taso. "Karkatarwa" ta zauna, "buƙata" ma haka. Shi wannan layin fa? Ni na kawo "asali".

Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam Sani, a bar wa Origin "asali", domin layi ne daban. In suka ci suna ɗaya, mai saiti zai gwada wanda ba shi ba. Ina ganin "mafito".

Bashir: Malama, "mafito" ya yi kusa da "mafita", mai karatu zai ɗauka maganin matsala ake nufi. Ku gwada "mai turowa" a cikin aiki. A manhajar Nginx, wadda ake firoksi da ita, ana jera masu turowa da aka yarda da su a `valid_referers`. Duk wanda ba ya cikin jerin, `$invalid_referer` zai zama 1, sai a sa `return 302`, wato karkatarwa ta ɗan lokaci, zuwa wani shafi. A manhajar firoksi ta Squid kuwa `acl` ne da `referer_regex`, a hana da `http_access deny`, a karkatar da `deny_info 302:` da adireshin. Jimlar ta tafi ba tuntuɓe.

Sani: Amma ai shafin ba ya tura komai, burauza ce ke aiko da layin.

Bashir: Gaskiya ne, sai dai shafin ne sanadi. Wanda ya liƙa hotonka a shafinsa, shi ya turo maka duk mai buɗe shafin. Sunan na wanda layin ke nunawa ne.

Hauwa: Na yarda, kuma kalmar ta ba mu "babu mai turowa", wanda nan ne saiti ya fi lalacewa. Wanda ya rubuta adireshi da hannu babu mai turowa, haka wanda ya taso daga HTTPS zuwa HTTP. In ba a sa `none`, wato yarda da buƙatar da babu mai turowa, a jerin `valid_referers` ba, an kori mutanen kirki ke nan. Tun Chrome 85 a 2020, in an taso daga wani gidan yanar gizo daban, sunan gidan kawai ke zuwa, don haka ƙa'idar da ke duba sauran adireshin ba za ta kama komai ba. A guji 301, wato karkatarwa ta dindindin, domin burauza tana riƙe shi, ko an gyara saitin za ta ci gaba da karkatarwa. Shafin da ake karkatarwa zuwa gare shi kuma a cire shi daga ƙa'idar, in ba haka ba buƙata ta yi ta zagaye.

Bashir: A ƙara gargaɗi cewa mai turowa ba shaida ba ne, umarnin `curl -e` kaɗai ya isa a ƙirƙiro na bogi. A cikin fayil ɗin saiti kuma a bar `referer` da r ɗaya a tsakiya, kamar yadda ya shiga ƙa'idar HTTP a 1996.

Sani: To, "mai turowa", jam'i "masu turowa". Saura Referrer-Policy, layin da ke faɗa wa burauza iya abin da za ta aika a Referer, "ƙa'idar turowa" ta yi?