Ƙugin da ni kaɗai nake ji cikin dare: mu tashi daga gidan ko mu sabunta haya?

Ummu Nabila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Hayarmu za ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa, mai gidan yana jiran amsa. Tun da muka tare nake jin wani ƙugi can ƙasa-ƙasa, kamar an ajiye babbar mota a nesa an bar injinta yana aiki. Da rana bai cika damuna ba, amma da zarar gari ya yi tsit sai ya cika ɗakin. Abban yara ba ya ji, yaran ma haka. Mun kashe babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya, bai daina ba. Na toshe kunne, sai ma ya ƙaru. A waje yana raguwa, in na koma ɗaki ya dawo. Abban yara ya ce in na tabbata gidan ne to mu tashi, amma in muka tashi ya biyo ni, kada in ƙara yi masa maganar. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah me ya yi? Mu tashi, ko in fara da asibiti?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Firji ne, Hajiya. Ki zare shi daga wuta yau da dare ki gani.

Maman Biyu: Malam, ta ce fa sun kashe wutar gidan duka. A riƙa karantawa kafin a amsa.

Sarkin Tsokana: Anti, ki duba da kyau ko munsharin Abban yara ne. Shi ya sa shi ba ya ji.

Ummu Nabila: Kai dai Allah ya shirye ka. Munsharinsa na san shi, ba ƙasa-ƙasa yake ba.

Dattijo: 'Yata, kada ki tashi. Ni gidan da na gina da gumina na sayar saboda wannan abin, ba haya ba. Kafin nan sai da na ɓata da maƙwabcina, mutumin da muka yi zaman mutunci shekara da shekaru, don na tsaya kai da fata cewa injin jan ruwansa ne. Bawan Allah ya kashe injin a gabana, ya ce to yanzu fa? Ina tsaye ina jin abin. Har yau in muka haɗu kai kawai yake ɗaga min. Na je asibiti, likita ya leƙa kunnen bai fi minti kaɗan ba, ya ce tas yake, ya rubuta min ƙwayar barci. A gida kuma aka fara yi min kallon wanda kansa ya taɓu. In na ce ku saurara, sai in ga yara suna haɗa ido. Uwargida ta daina amsawa, sai dai ta ce Allah ya sawwaƙe ta juya. Da muka koma sabon wuri, kwanakin farko shiru. Na yi murna, na kira 'yan uwa na sanar da su. Ba a jima ba ya dawo, shi ɗin dai, ba ragi ba ƙari. Gidan da na sayar kuwa yanzu ko rabinsa ba zan iya saya ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Injiniya: Baba, Allah ya ba da lafiya. Amma labarinka ba hujja ba ne a kan nata gidan. Akwai wuraren da aka bi diddigin irin wannan ƙugi aka kama mai yin sa. Garin Winsa na ƙasar Kanada, wanda kogi ne kawai ya raba shi da Ditiroit ta Amurka, mutane sun fara kuka da shi wajen 2011, har gwamnatin Kanada ta sa aka yi bincike. Binciken ya nuna tsibirin Zug da ke tsallaken kogin, inda ake narkar da ƙarfe a lokacin. A 2020 da aka kashe manyan tanderun wurin, mazauna garin suka ce abin ya lafa. Haka a Kokomo ta jihar Indiyana, binciken 2003 ya gano sauti biyu daga masana'antu biyu, ɗaya daga fankar sanyaya injina, ɗaya daga kwamfuresa, wato injin matsa iska. Waɗannan mutanen su ma an ce musu kunnensu ne.

Hajiya, abin da kika faɗa na cewa ya fi ƙarfi a ɗaki bai saɓa wa sautin waje ba. Sauti mai kauri, wanda ke karkaɗawa misali sau 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin igiyar sauti ɗaya da mai bi mata, ya kusa mita 7. Bango yana tare siraran sautuka, amma wannan ratsawa yake yi. To kin ga bangon ya kashe miki hayaniyar da ke rufe shi, ya bar ki da shi kaɗai. Kuma in girman ɗakin ya yi daidai da zangonsa sai ya riƙa taruwa a wasu wurare, musamman kusurwa. Ki gwada tsayawa a kusurwa, sannan ki dawo tsakiyar ɗaki. In ƙarfinsa yana canzawa, ni dai ina zargin waje. Kashe wutar gidanku ba ya kashe taransfomar layi, ko injin wata masana'anta mai nisan kilomitoci.

Dattijo: Injiniya, ka taɓa jin sa da kunnenka?

Injiniya: A'a Baba, ban taɓa ba.

Dattijo: To ka bari waɗanda abin ya ci su yi magana. Irinku biyu na ɗauko da na'urori, suka zagaya gidan, suka karɓi kuɗina suka ce babu komai.

Injiniya: Da wace na'ura suka auna? Yawancin na'urorin auna hayaniya an saita su ne su kwaikwayi kunnen mutum, sai su rage darajar sauti mai kauri sosai. Allura za ta nuna shiru alhali abin yana nan. In ba a canza ma'aunin ba, kuma aka zo da rana tsaka, aikin banza aka yi maka.

Sista Jinya: Ni ma ban taɓa ji ba, amma ina aiki da masu zuwa da irin wannan ƙorafi, don haka Baba ka yi min haƙuri in ce wani abu. Ummu Nabila, maganarki ɗaya ce ta tsaya min, cewa toshe kunne ƙara shi yake yi. Wannan yakan faru in sautin daga cikin jiki yake, domin kin rufe na waje kin bar na ciki. Ba kowane ƙaran kunne ne yake zuwa siriri kamar fito ba, akwai mai kauri. Kafin ki ɗaga ko tabarma ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ki lura da abu uku ki faɗa masa: ko ƙugin yana tafiya daidai da bugun zuciyarki, ko a kunne ɗaya ne, ko kina jin jiri da nauyin kunne. In yana bin bugun zuciya kada ki yi jinkiri, domin yana iya zama daga jijiyoyin jini. A auna hawan jininki ma. Sannan gwajin ji na yau da kullum yakan fara ne daga Hz 250, wato sauti mai karkaɗawa sau 250 a daƙiƙa, ko 125 in an sauka, abin da kike kwatantawa kuwa yana ƙasa da haka. Don haka in an ce gwaji ya yi kyau, ba yana nufin ƙarya kike yi ba.

Injiniya: Sista, abin toshe kunne ma siraran sautuka ya fi tarewa. Ƙaruwar da ta ji ba ta raba gardama.

Sista Jinya: Ban ce ta raba ba. Na ce a fara da abin da zai iya zama ciwo. Gida ba ya gudu.

Maman Biyu: Gwajin jin nan ba wani kuɗi ba ne, ni an yi wa ɗana, ban ma ji a jikina ba.

Abu Sadik: Ina? Ni da na yi sai da ya lashe kusan rabin albashina, ban da hoton kai da aka ce in ƙara.

Maman Biyu: To kai wani abin daban aka yi maka.

Bintu: Ku bar batun asibiti. Ni ina jin sa, kuma na daina nema masa dalili. Fanka nake kunnawa duk dare ko ana sanyi, in juya ta ga bango. Ƙarar fankar tana rufe shi in yi barcina. Na sayi abin kunnen nan mai kashe hayaniya, mai tsadar gaske, a mota yana aiki amma a kan wannan ƙugin ko gezau. Shiru ne abokin gabana, ba hayaniya ba.

Abu Sadik: Mai arha kika saya. Na gaske yana yi.

Bintu: Ka ga rasit ɗin ne?

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya. Abin da ban ji an ambata ba shi ne wuraren da aka bincika ba a samu komai ba. A Biristol ta Ingila ɗaruruwan mutane sun yi ta kai ƙara tun shekarun 1970, har yau ba a tsayar da magana ɗaya ba. A Tawos ta jihar Niyu Meksiko, a farkon shekarun 1990, sai da masana daga jami'a da manyan ɗakunan bincike na gwamnati suka je da na'urori, suka tarar kusan kashi 2 cikin 100 na mutanen garin ne ke ji, kuma ba su gano tushensa ba. Akwai ma wani malamin makaranta a Kanada, Glen MacPherson, da shi kansa yake ji, ya buɗe taswira a intanet a 2012 inda masu ji daga ƙasashe daban-daban ke sa inda suke. Nufina, Baba da Injiniya kowa na iya zama da gaskiya, abubuwa ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. A Sosalito ta Kalifoniya ma, masu kwana a gidajen da ke kan ruwa sun sha fama da wani ƙugi a shekarun 1980, ashe wani kifi ne, mazan ke kiran mata cikin dare.

Sarkin Tsokana: Shi ke nan an gano. Anti, akwai kifi gwauro a unguwarku. A nema masa mata kowa ya huta.

Dattijo: Ku yi ta dariya. Ni ma kafin ya same ni na iya dariya.

Sarkin Tsokana: Tuba nake, Baba. Ba da kai nake ba.

Injiniya: Hajiya, ga abin da zan yi in ni ne. Ki sauke manhajar da ke nuna zanen sauti a waya, ki ajiye ta a ɗakin da tsakar dare. In kin ga wani layi ya miƙe a ƙasa bai motsa ba, akwai abu a waje. In ba ki gani ba kada ki yanke hukunci, makirufon waya ba shi da ƙarfi a can ƙasa. Sannan ki je ki kwana wani wuri mai nisa sosai, ba bayan layinku ba. In babu shi a can, gidan ne.

Dattijo: Wannan gwajin ne ya sa na sayar da gida. Duk inda na je baƙunta ba na jin sa a daren farko. Sai na zauna ya gano inda nake. Kwana ɗaya ko biyu ba ya nuna komai, 'yata. In za ki gwada, ki daɗe.

Bintu: Wallahi Baba ya yi gaskiya a nan. Ni ma in na yi doguwar tafiya yakan ɗauke, sai na kwana biyu da dawowa ya dawo.

Ummu Nabila: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sista, ba ya bin bugun zuciya, kuma ba na jiri, amma zan je. Na gwada kusurwa jiya, kamar ya fi ƙarfi ta wajen kan gado, sai dai ban sani ba ko don an faɗa min ne nake jin haka. Matsalar ita ce in tafi in daɗe a wani wuri da yara 'yan makaranta ba zai yiwu ba kafin wa'adin. Abban yara ya roƙi mai gidan ya ba mu wata uku mu biya na wata ukun, ya ce shi shekara yake karɓa ko mu ba shi makullinsa.

Maman Biyu: Halinsu ke nan. Mu da muka tashi saura wata biyar a kuɗinmu, ko sisi bai dawo ba, kuma a satin ya zuba wasu. Haya biyu ya ci a ɗaki ɗaya.

Abu Sadik: Namu da na gaya masa injin ruwan da ya ɗaure a jikin bangon ɗakina yana hana ni barci, cewa ya yi ai da na zo duba gida injin yana nan. Da rana na zo duba gida! Wa ke duba gida ƙarfe biyun dare?

Injiniya: Wannan kam roba kawai za a sa a ƙarƙashinsa a raba shi da bangon.

Abu Sadik: Na ce zan saya da kuɗina, ya ce kada in taɓa masa kaya.

Alhaji Mai Gidaje: To an dawo kanmu ke nan. Ku ma ku faɗi naku mana. Na taɓa yarda da wata uku, mutum ya shekara bai biya ba, da zai fita har ƙofar banɗaki ya ɓalle. Yanzu kuma in rage wa'adi saboda ƙarar da mutum ɗaya ke ji a gida mai mutum shida? In ce wa mai jiran gidan me?

Maman Biyu: Alhaji, ka fara ba ni amsar wata biyar ɗina tukuna.

Alhaji Mai Gidaje: Hajiya, ni na karɓa? Ki je ki duba takardar da kika sa wa hannu.