Yaya aka yi ake ƙirga bawa "uku cikin biyar" a Amurka?

Alhassan Direba (Nima):
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata ɗaukar baƙi ce, yawanci baƙaƙen fata 'yan Amurka, daga Accra zuwa Cape Coast da Elmina, wani lokaci mu ratsa ta Assin Manso. Makon jiya da muka fito daga ɗakin duhun da ake tsare bayi a Cape Coast, wata dattijuwa ta zauna a kujerar gaba, ta cire tabarau tana share hawaye da bakin gyalenta. Ta ce min dokar ƙasarsu ta taɓa ƙirga kakanninta kashi uku cikin biyar na mutum. Abin ya tsaya min a rai. Wa ya kawo wannan lissafi, kuma me aka ci da shi?

Malam Issaka (Aboabo, Kumasi):
Wa alaikumus salam Alhassan. Gaskiya ta faɗa maka, amma abin ya fi haka muni.

A 1787 wakilan jihohi suka taru a Philadelphia don rubuta kundin tsarin mulki. An amince kowace jiha ta sami kujeru a Majalisar Wakilai gwargwadon yawan mutanenta. Sai rigima ta tashi: bayi fa? Abin da zai ba ka mamaki, masu bayi na kudancin ƙasar su ne suka nace a ƙirga bawa cikakke. Ba ƙaunarsa suke yi ba. Bawa ba ya jefa ƙuri'a, saboda haka duk kujerar da yawan bayi ya jawo, ta ubangidansu ce. 'Yan arewacin ƙasar suka ce kar a ƙirga ko ɗaya. Elbridge Gerry na Massachusetts ya tambaya, tunda kun ce dukiyarku ce, don me ba za a ƙirga shanu da dawakinmu ba?

James Wilson na Pennsylvania ne ya gabatar da uku cikin biyar, Charles Pinckney na South Carolina ya mara masa baya. Lissafin ma aro shi aka yi daga wata shawarar rabon haraji ta 1783. Ba mutum guda ake tsagawa ba: a tara jimillar bayin jiha, a ɗauki kashi uku cikin biyar, a ɗora kan yawan 'yantattu. Baƙar fata mai 'yanci ana ƙirga shi cikakke.

Duba ƙidayar 1790. Mutanen ƙasar kusan miliyan 3.9 ne, bayi kusan 700,000. Virginia kaɗai tana da sama da 290,000. A lokacin kujera ɗaya na mutum 33,000 ce, ka ga kenan wajen kujeru 5 cikin 19 na Virginia a kan bayi aka same su. Mutum yana noman taba da sarƙa a ƙafa, kuma kansa ne ke ƙara wa mai sarƙar ƙarfi a majalisar da za ta hana a kwance shi. Wannan shi ne yake ƙona min rai duk sanda na koyar da darasin.

Hajiya Memuna (Sabon Zango):
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma ni dai ko uku ko biyar, zama a yi ciniki a kan mutum ba a tambaye shi ba, shi ne cin mutuncin. Mu ma kar mu manta da kasuwar bayi ta Salaga, ba Turawa ne suka ci ta ba. Tambayata: masu bayin ba su biya komai ba a madadin kujerun?

Malam Issaka:
Amin Hajiya. A takarda sun biya, domin harajin kai tsaye ma da wannan lissafi za a raba shi. Sai dai gwamnatin tarayya da kuɗin kwastan take rayuwa, ba kasafai ta ɗora irin wannan haraji ba. Riba kuwa ta kai har zaɓen shugaban ƙasa, saboda wakilan zaɓe (waɗanda ƙuri'unsu ke tsayar da shugaban ƙasa) na kowace jiha yawan kujerunta ne a majalisu biyu. A 1800 Thomas Jefferson ya kayar da John Adams da ƙuri'un wakilai 73 da 65, kuma masana tarihi da dama na ganin ƙarin kujerun bayi ne ya cike tazarar. Cikin shekara 36 na farko na shugabancin ƙasar, 32 'yan Virginia masu bayi ne ke mulki.

Fuseini (ɗan Asawase, mazaunin Bronx):
Yaya Alhassan, in ka sake samun irin wannan baƙuwa ka tambaye ta abin da ya biyo baya. An soke bauta a 1865, gyara na 14 ga kundin tsarin mulki ya share uku cikin biyar a 1868, aka koma ƙirga kowa cikakke. Kujerun kudu suka ƙaru. Daga baya sai jihohin kudu suka fito da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da barazana, suka kori baƙaƙen fata daga rumfar zaɓe. Sai da dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta zo kafin a buɗe musu ƙofa sosai. Dattijuwar nan, in ta haura saba'in kuma 'yar kudu ce, wataƙila da idonta ta ga an hana mahaifiyarta rajista.