Fankar AC tana ƙona fis a gudu na huɗu

Assalamu alaikum, masana wutar mota. Ina neman taimako kan wata Chevrolet Impala ƙirar 1972. Fankar da ke hura sanyi cikin mota tana aiki lafiya a gudu na 1 zuwa na 3. Da an kai ta na 4, sai ta yi kamar minti biyar, fis mai amfiya 30 da ke kan wayar rilai (makunnin da ke kai wa fankar wuta a gudu na 4) ya narke, gidan fis ɗin ma ya yi zafin da ba a iya taɓawa.

Rezisto, mai rage gudun fankar, ba shi da laifi, tunda gudu na 4 ba ya bi ta cikinsa. An sa sabon rilai, ba ta canza zani ba. Da aka haɗa motar fankar (injin lantarkin da ke juya ta) kai tsaye da batir, tana juyawa, amma mita ta nuna amfiya 24 tana hauhawa yayin da take ɗumama, kuma da hannu sandar tana da ɗan tauri. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wayar nagatif da ke ɗaure a bodi: tsakaninta da batir ana asarar bolt 1.2 idan fanka na gudu.

Shin bushin da sandar ke juyawa a cikinsa ne ya bushe har yake jawo wuta da yawa, ko tsatsar bakin gidan fis ke haifar da zafin? In bushin ne, mai zai wadatar ko sai an sauya motar fankar gaba ɗaya? Fis mai 40 dai ba za a sa ba, wayar ta tsufa.