Muhawara: Shin Rage Ɓarna a Masana'anta Yana Biyan Kuɗinsa da Kansa?

Injiniya, Samaru

Assalamu alaikum. Da'awar da nake so mu tattauna ita ce, duk masana'antar da ta zauna ta auna abin da ke shiga cikinta da abin da ke fita, za ta tarar cewa rage ɓarna yana biyan kuɗinsa da kansa, ba sai ta jira tallafin gwamnati ko barazanar hukuma ba. Hujjata ita ce, abin da muke kira shara da kuɗi aka sayo shi tun yana ɗanyen kaya, aka kashe masa wuta da ƙwadago, sannan daga ƙarshe aka sake biyan mai tifa ya kwashe shi. Tunanin ba sabo ba ne. Kamfanin 3M na Amurka ya fara shirinsa na hana gurɓata tun daga tushe a 1975, Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki batun a 1989, kuma a 1994 ita da UNIDO, hukumar raya masana'antu ta Majalisar, suka fara kafa cibiyoyin koyar da wannan aiki a ƙasashe masu tasowa. Maimakon a jira ƙazanta ta iso bakin magudana sannan a nemi yadda za a tace ta, sai a shiga cikin aikin a gano inda ake haifar da ita.

Alhaji mai injin shinkafa, Dakace

Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, amma ina ganin ka ɗauko lissafin ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ka ɗora mana. Babbar ɓarnar da nake gani a wurina ba daga sakacin ma'aikata take zuwa ba. Wuta ce za ta ɗauke ana tsakiyar aiki, shinkafa na cikin inji, tururi ya huce, kafin a tayar da janareto a dawo da komai daidai an ƙone man dizal a banza, an kuma karya shinkafa. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit, kuma kafin ƙarshen shekarar Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, wanda ke nufin na bankunan kasuwa ya haura haka. Wani masani ya taɓa zuwa ya zagaya wurina, ya rubuto rahoto mai kyau da bango mai sheƙi, amma shawararsa ta farko ita ce in sayo sabuwar tukunyar tururi da za a biya da dala. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ke fafutukar albashin ƙarshen wata ba shi da jarin da zai zuba yau don ribar shekara uku.

Injiniya, Samaru

Ranka ya daɗe, tsadar wuta da mai ai ita ce ta ƙara wa maganata ƙarfi, domin kowace lita da aka tsare yanzu ta fi ta da daraja. Kuma wanda ya fara da sabuwar tukunya ya fara daga inda ake ƙarewa. Bari in yi misali da sana'arka. Idan aka zuba kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 buntu ne, kusan 8 zuwa 10 dusa ce, sauran kuma shinkafa ce tsakanin tsayayya da karyayya. Tambayar farko ita ce, nawa ne tsayayya, nawa ne karyayya, kuma shin akwai mai rubuta wannan a kowace rana? Shinkafar da aka shanya ta bushe fiye da kima a zafin rana tana tsagewa tun kafin ta shiga inji, shi ya sa ake so damshinta ya tsaya a kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma na'urar auna damshi ta hannu ba ta kai kuɗin taya ɗaya na tirela ba.

Sai tururi. Ruwan da ke tsatsafowa bayan tururi ya gama aikinsa ruwa ne mai zafi kuma mai tsabta, amma a wurare da yawa za ka gan shi yana bin kwata yana hayaƙi. Idan aka mayar da shi tukunya, ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 6 a ma'aunin Celsius a ruwan da ke shiga yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari na makamashi. Haka iskar kwamfireso, wato injin matse iska: Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa yoyo na iya cinye kashi 20 zuwa 30 na iskar a inda ba a kula. Ranar hutu, idan injuna sun yi shiru, a kunna kwamfireso shi kaɗai a bi bututu da kunne, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, duk inda kumfa ya taso a ɗaura ƙyalle alamar wurin da za a gyara. Wannan aikin yini guda ne na makaniki da yaronsa.

Hajiya akanta, Sabon Gari

Ina tare da Injiniya a kan awo, domin littattafan yawancin ƙananan masana'antunmu ɓoye ɓarna suke yi ba da gangan ba. Man dizal layi ɗaya ne, kuɗin wuta layi ɗaya, ɗanyen kaya layi ɗaya, babu inda aka nuna wane sashe ne ya ci me. Akwai tsarin lissafi da ke bin kowane kilo da kuɗin da ya hau kansa har inda ya tsaya, wanda aka mayar ma'aunin duniya na ISO 14051 a 2011, kuma masana'antun Japan sun yi amfani da shi sosai.

Inda na rabu da shi shi ne kalmar "duk". Ɗaure mahaɗa da gyara famfo kusan kyauta ne. Naɗe bututun tururi da abin riƙe zafi yana iya mayar da kuɗinsa a cikin watanni. Amma akwai gyaran da ba zai taɓa mayar da kuɗinsa a littafin mai masana'anta ba, kuma rashin faɗin haka tun farko shi ke sa masu jari su daina saurare. Sannan akwai abin da rahotanni ba su cika rubutawa ba. Ranar da aka kawo sikeli aka ce za a riƙa auna dusa da sharar ƙasa, ma'aikata ba sa jin cewa ana neman ɓarna ne, suna jin cewa ana neman ɓarawo, musamman inda aka saba bar musu abin da aka share su sayar su rage zafi. Idan Alhaji bai zauna da su ya yi musu bayani ba, ya kuma ware musu wani kaso na abin da aka tsare, lambobin da za su rubuto masa ba za su amfane shi ba.

Malamin kimiyyar fata, Samaru

Hajiya ta buɗe mini ƙofa. Tunda a nan Samaru ta Zariya Cibiyar Kimiyya da Fasahar Fata ta Ƙasa take, kuma Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai tana Basawa, bari mu gwada da'awar a kan jima. A jimar zamani ta sinadarin kurom, fata tana shan kusan kashi 60 zuwa 70 ne kawai na abin da aka zuba, saura yana bin ruwa. Ana iya kama shi: a tara ruwan daban, a zuba sinadarin magnesiya kurom ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid a mayar da shi ganga. Ga babbar majema wannan yana iya biya, domin kurom daga waje ake shigo da shi. To, amma gishirin da aka adana ƙirgi da shi fa? Kakkaɓe shi kafin a jiƙa fata yana rage wani abu, sai dai wanda ya riga ya narke cire shi daga ruwa yana da tsada ƙwarai, kuma babu mai sayensa. Haka sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muddin zubarwa a rafi kyauta ce, tacewa asara ce a idon mai majema, ko da kuwa mutumin kirki ne. Abin da aka daɗe ana kuka da shi a unguwannin masana'antu na Challawa da Sharada da Bompai a Kano ke nan.

Tarihin dokarmu ma shaida ne. Sai da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin ya fallasa a 1988, sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar, daga baya hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, ta zo a 2007. Ba lissafin riba ne ya kawo su ba.

Alhaji mai injin shinkafa, Dakace

Malam, ban ƙi doka ba, amma ina tsoron dokar da za ta tsaya a manna takarda a ƙofa da yanka tara. Mun ga yadda masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban mutane suka koma gida. Masana'antar da ta rufe ba ta zubar da komai, gaskiya ne, amma ba ta ciyar da kowa.

Ɗalibi, Tudun Wada

Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Mahaifina noman rani yake yi a bakin kogin Galma, kuma masu lambu da yawa a rafin Kubanni suke ban ruwa. Latas da kabeji da tumatirin da ake ɗibowa daga can su ne a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada. Idan aka ce wani gyara ba ya biya, ana nufin ba ya biyan mai masana'anta, amma ai akwai mai biyan kuɗin a wani wuri, ko mai lambun da ƙasarsa ta yi gishiri, ko mai cin ganyen. Shin a lissafin da Hajiya ta ambata akwai layin da ake rubuta asarar waɗannan?

Hajiya akanta, Sabon Gari

Babu, ɗana. Lissafin yana tsayawa ne a bakin katanga, sai fa idan hukuma ta sa wa zubarwa farashi, sannan layin zai bayyana.

Injiniya, Samaru

Gishirin majema na bar wa Malam da hukuma, amma ban janye ba a kan galibin masana'antun da muke da su a Zariya, waɗanda na shinkafa ne da mai da abincin dabbobi da roba. Kuma abin da bai biya a cikin katanga ɗaya ba yana iya biya tsakanin maƙwabta. A garin Kalundborg na Denmak, tun shekarun 1970 masana'antu ke sayar wa juna rarar tururi da iskar gas da sauran abin da ya rage musu. Mu ma mun san wannan tun da: anguryar da aka matse da tunkuzar gyaɗa ba wanda ke kiransu shara, makiyaya da masu kaji suna layi a kansu. Buntu kuwa makamashi ne da zai iya maye gurbin itace wajen turara shinkafa, masu kaji kuma suna shimfiɗa shi.

Alhaji mai injin shinkafa, Dakace

Buntun da ya fi ƙarfin tukunyata, Injiniya, tulinsa yana nan bayan katanga, domin ba shi da nauyi, mota tana cika ba ta ɗauki abin kirki ba, kuɗin dako ya fi kuɗin kayan. Na'urar damshi da ruwan sabulu zan sa a gwada daga farkon wata, kuma zan roƙi Hajiya ta tsara mana takardar da za a riƙa cikewa, bayan na zauna da yaran kamar yadda ta ce. Amma idan akwai mai injin curin gawayi ko mai gidan kaji da zai zo da motarsa ya kwashe buntun, ya yi mini magana, ba zan karɓi ko kwabo ba a wannan kakar.