Taurari na fitowa da jela a hotunana: madubin ne ko kyamara?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da madubin hangen nesa irin Dobsonian, wanda ake juya shi da hannu a kan mazauninsa, faɗin bakinsa milimita 200, tsawon fokas milimita 1200. Da ido komai na fitowa tas, amma da na jona kyamarar DSLR don ɗaukar hazon Orion, wato gajimaren iskar gas da ƙura da ke can cikin taurari, sai taurari su fito kamar an ja su da alli. Fokas ma ba ya zama sai na saka Barlow, gilashin da ke ninka tsawon fokas. Me ya kamata in sauya?

Mai_Hange:
Wa alaikumus salam. Malam, kayanka lafiyarsu ƙalau, mazaunin ne bai dace da wannan aikin ba. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, shi kuma Dobsonian ba ya bin sama da kansa. Ka raba 500 da tsawon fokas, abin da ya fito shi ne iya sakan ɗin da za ka buɗe shata kafin jela ta bayyana. A 1200 bai kai rabin sakan ba, alhali hazo yana buƙatar sakan 30 zuwa 60. Barlow mai ninki biyu ƙara dagula lamarin yake: fokas ya koma 2400, hasken hazon kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa fokas ke ƙin zama ba tare da shi ba, firikwensin kyamara yana can ciki kusan milimita 55 bayan zoben jonawa, bututun fokas kuma ba ya nutsewa har ya cike wannan tazarar.

Ka bar wannan madubin ga wata, Mushtari da Zuhal. Ka ɗauki bidiyo yayin da suke ratsa fili, manhajar AutoStakkert ta tsinto maka firam mafi kyau. A nan kam yana burgewa ƙwarai.

Hajiya_Zara:
Ɗan'uwa, ga hazo ka ajiye madubin gefe tukuna. Ka nemi ƙaramin mazauni mai bin taurari irin Star Adventurer, wanda ke ɗaukar kilo 5, amma kada ka cika masa kaya har ƙarshe. Ka ɗora kyamara da gilashi mai milimita 135, ka saita buɗewar gilashi f/4, ƙarfin karɓar haske ISO 800, ɗanyen hoto wato RAW, sakan 60, hoto 60 zuwa 100. Wahalar tana wajen saita shi da tauraron arewa, wanda tsayinsa a sama kusan daidai yake da latitud ɗin inda kake tsaye. Idan saitin ya kauce, jelar za ta dawo ko da injin na tafiya. Bayan ka gama, ka rufe gilashin ka ɗauki baƙin hoto 20 da saiti ɗaya kafin kyamarar ta huce, sai wasu 20 na farin haske bai ɗaya don goge tabon ƙura da duhun gefe. Manhajar Siril za ta haɗe su kyauta. Ninka hotuna sau huɗu yana rage dusar hoto da rabi.

Ɗan_Gamzaki:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ba dole ya sayi komai yanzu ba. Matokarin kyamara mai ƙafa uku, gilashi mai milimita 50, sakan 4, hoto 300 na Kaza da 'ya'yanta, yana dawo da su tsakiya bayan kowane 40. Fokas da hannu, a zuƙo tauraro mai haske a allon kyamara har ya zama ɗigo, a manne zoben da salatif. A riƙa haska gilashin lokaci-lokaci, domin raɓa na sauka shiru, sai taurari su kumbura mutum ya zaci fokas ne ya goce.