Koyon yanka ado a jikin ƙarfe: shin in ajiye ƙarfen in koma fensir?

Ɗan Koyo, Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'ar hannu. Wata huɗu ke nan da na fara koyon yanka ado a jikin ƙarfe, irin wanda ake yi da siririn ƙarfe mai kaifi da ake turawa da tafin hannu, ba na inji ba. Abin da ya ja ra'ayina shi ne wani zoben azurfa da mahaifina ya gada, mai adon ganyayyaki masu lanƙwasa, wanda har yau ban gaji da kallonsa ba. Ina gwaji a kan gutsattsarin jan ƙarfe da nake saya a wurin 'yan gwangwan. Miƙaƙƙen layi ya fara zama, amma da zarar na zo lanƙwasa sai layin ya riƙa yin gwiwa, wani lokaci kuma bakin ƙarfen ya zame ya ɓata duk abin da na yi, har sau biyu ya soke ni a yatsa. Wani abokina ya ce matsalar ita ce ban iya zane da fensir ba, ya ba ni shawarar in ajiye ƙarfen wata shida in koma takarda. Gaskiya ne ban taɓa zama na koyi zane ba. Shin maganarsa haka take, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Maƙerin Fari, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Cuta biyu ka kawo, kuma kowace da maganinta. Zamewar ƙarfe ba ta da alaƙa da fensir, daga bakin ƙarfen take. Mafi yawan lokaci ɗan tsinin ne ya karye, karyewar da ido ba ya gani, mutum kuma ya ci gaba da turawa da ƙarfi har abin ya kuɓuce masa. Ka ɗora tsinin a kan farcen babban yatsanka ba tare da dannawa ba: idan ya kama farcen yana da kaifi, idan ya sulale ka koma dutsen wasawa. Ka wasa fuskarsa a karkace wajen digiri 45, ta fito sumul ba tudu, sannan ka yi masa ɗan dunduniya a ƙasa, wajen digiri 15, gajeriya ƙwarai. Wannan dunduniyar ce ke ba ka damar ɗaga hannu daga farantin, amma idan ta yi tsawo sai ta riƙa gogar gefen layi a wurin lanƙwasa tana yagarsa. Ni kaina nakan koma dutse sau da yawa kafin in gama zobe ɗaya, kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ɓata lokaci ba.

Game da lanƙwasa kuwa, ina kyautata zaton hannun dama kake juyawa, alhali farantin ake juyawa. Hannun dama yana riƙe da ƙarfen kusan a wuri ɗaya, hagu kuma yana juyo aikin zuwa bakin ƙarfen a hankali ba tare da tsayawa ba, domin duk inda hagu ya tsaya, nan gwiwa za ta fito. Ka sa dukawa su ɗinka maka ɗan matashin fata, ka cika shi da yashi ya yi tauri, ka manna farantin a kan guntun katako, ka ɗora katakon a kan matashin. Ka riƙe katakon ta yadda yatsunka za su zauna ƙasa da fuskar farantin, ko ƙarfen ya zame ba zai same su ba. Jan ƙarfen 'yan gwangwan kuma sau da yawa ya sha bugu ya yi tauri, don haka ka sa shi a wuta ya yi ja-ja, ka tsoma a ruwa, ka goge da samfefa, za ka ji ya yi laushi. Kada ka ajiye ƙarfen wata shida, hannunka zai mance ɗan abin da ya koya.

Malama Mai Koyar da Zane, Kaduna

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, Allah ya ƙara girma, amma ina so in tsaya wa abokin nan naka, domin ko ka iya wasawa da juyawa, ƙarfe ba zai yanka layin da idonka bai san shi ba. Albrecht Dürer na Nuremberg a Jamus, wanda aka haifa a 1471 kuma ake lissafa shi cikin gwanayen yanka zane a jan ƙarfe, ɗan maƙerin zinariya ne, a hannun mahaifinsa ya fara koyon riƙe ƙarfen, amma tun yana ɗan shekara 13 ya zana hoton kansa a takarda, hoton yana nan har yau. Tare ya ɗauki abubuwan biyu, kuma haka nake so ka yi, ƙanena: rabin awa na fensir kullum kafin ka taɓa ƙarfe.

Sai dai zanen da kake bukata ba irin wanda muke koya wa yara a aji ba ne. Ka nemi fensir mai tauri, HB ko 2H, ka feƙe shi sosai. Bakin fensir haɗin yumɓu ne da wani baƙin ma'adini, dabarar da wani mutum mai suna Conté ya fito da ita a Faransa a 1795, kuma yawan yumɓun shi ke ƙara masa tauri. Masu laushi irin 4B da 6B suna da daɗin yin inuwa, amma za su koya maka murza zane da yatsa, ƙarfe kuwa bai san murzawa ba. A jikin ƙarfe inuwa layuka ce sirara a jere, suna farawa kamar gashi suna ƙara kauri suna matsowa kusa da juna inda ake son duhu, don haka haka za ka yi inuwarka a takarda. Ka fara da naɗi irin na bayan katantanwa, ka cika shafi da shi, na dama da na hagu, kana juya takardar kamar yadda Baba ya ce a juya faranti. Idan ka gama ka duba shafin a madubi, nan take za ka ga wuraren da layin ya miƙe ko ya kumbura waɗanda idonka ya saba da su ya daina gani. Sai naɗin ya zauna sannan ka fara tsiro masa da ganye. Ina kuma roƙonka kada ka tsaya a kan adon Turawa kaɗai da kake gani a intanet. Ka je ka zauna gaban dagin da ke jikin tsofaffin gine-ginen birni, ka kwafi aska takwas daga babbar riga da zayyanar allo. Dagi musamman zai koya maka wane layi ke hawa, wane ke shigewa ƙarƙashi, kuma kuskure ɗaya a nan yakan rushe adon gaba ɗaya.

Bagobiri, Agadas

Malama, da izininki, ban yarda cewa takarda sharaɗi ce ba. Maƙeran Abzinawa da na tashi ina gani a nan suna zuba abin wuyan azurfa ta hanyar kaki da yumɓu, su gyara shi da magagari, sannan su yanka adon kai tsaye ba tare da sun zana komai a takarda ba. Amma na yarda da ke ta wata fuska, domin yaron maƙeri yakan shafe shekaru yana kallon siffofin nan kafin a miƙa masa azurfa, wanda kuwa bai tashi a maƙera ba fensir ne zai cike masa wannan giɓin. Ɗan'uwa, ka kuma bambance aikinka da na tagullar Bida, inda yawancin adon bugawa ake yi da kurfi, wato ɗan ƙarfen da ake ɗorawa a kai, da guduma, ƙarfen ya lotsa ba tare da an cire komai daga jikinsa ba. Idan zoben mahaifinka bugawa aka yi, to kayan aikin da kake nema daban ne.

Ɗan Koyo, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba da gilashin masu gyaran agogo, tsinin a karye yake kamar yadda kuka faɗa. Zoben kuma yankawa aka yi, domin cikin layukan yana sheƙi kuma ƙarshensu siriri ne. Tambayata ta ƙarshe: idan na yi zanen a takarda, yaya zan mayar da shi jikin farantin, tunda fensir ba ya kama ƙarfe?

Maƙerin Fari, Zariya

Ka goge farantin tas, ka dangwala masa kakin zuma da yatsa har sheƙinsa ya dushe, ko ka shafa farin fenti na ruwa siriri ka bar shi ya bushe, fensir zai kama. Ka sake zana adon a kai da hannunka maimakon kwafa, sannan ka bi layin da allura a hankali don kada gumin hannu ya share shi. Ka fara yanka babban naɗin kafin ganyayyaki, kuma kada ka nemi zurfi a bi na farko. Idan ka gama ka shafa baƙin tukunya a cikin layukan, ka goge saman, ka ɗauki hoton farantin kusa da takardar ka turo mana, ni da Malama mu ga inda suka saɓa.