Abin da Ikilisiya Za Ta Iya Yi wa Unguwa: Shawarwari Daga Agege

Bayan sujadar Hausa a wata majami'a da ke Agege, dattawa da 'yan zumuntar mata sun tattauna yadda bangaskiya za ta gyara unguwa. Wani dattijo ya karanta Irmiya 29:7, inda aka umarci waɗanda ke zaman baƙunci su nemi lafiyar garin da suke ciki, ya ce Legas ce garinmu yanzu.

An fi daɗewa a kan matasan da haramcin acaɓa na 2022 a wasu sassan Legas ya raba da sana'a. Matan sun ba da shawarar a ware wani kaso na baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a lokacin sujada, a haɗa da adashensu, domin biya wa yaro kuɗin koyon ɗinki ko gyaran waya, kuma a miƙa kuɗin ga mai koyarwa kai tsaye, kada ya bi ta hannun yaron. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

An kuma amince a riƙa yashe kwatoci kafin damina, tare da maƙwabta Musulmi da Yarabawa, bayan an sanar da sarkin Hausawa da baale, wato mai unguwar Yarabawa.